Wutar Olamfik ta hau Everest, ana cewa a bar siyasa

Har yau ina jin haushin ƙwallon da Di Maria ya ɗaga ta saman mai tsaron gidanmu a wasan ƙarshe na Olamfik na 2008 a Beijing. Azurfa muka dawo da ita. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, muna ta ihu a gaban talabijin, wani ɗan Tibet, yankin da ke ƙarƙashin mulkin Sin, mai suna Dhondup Wangchen yana tsare tun watan Maris. Kyamara ya ɗauka ya zaga yana tambayar mutanensa sama da 100 ra'ayinsu kan gasar. Daga baya aka yanke masa shekara 6.

A ranar 10 ga Maris na shekarar sufayen addinin Buddha suka fito a Lhasa, babban birnin Tibet, don tuna boren da 'yan Tibet suka yi wa mulkin Sin a 1959. Kwana huɗu bayan nan gari ya kama da wuta. Gwamnatin Sin ta ce kusan mutum 20 ne suka mutu, 'yan Tibet da ke gudun hijira a Indiya suka ce sun haura 200, aka kuma fitar da 'yan jaridar waje daga yankin.

Da an taɓo maganar sai a ce kada a cusa siyasa a wasanni. To wa ya fara? Hukumomin Sin ne suka hau da wutar gasar ƙololuwar dutsen Everest ta ɓangaren Tibet, suka kuma bi da ita titunan Lhasa cikin tsauraran matakan tsaro. Wannan ba motsa jiki ba ne, shela ce ta cewa nan namu ne. Sun ma ware filaye 3 a Beijing domin zanga-zanga, aka shigar da takardun neman izini 77, ko ɗaya ba a amince ba.

Mu kuma bai kamata mu riƙa maimaita wannan karatun ba. A 1976 Nijeriya ta kwashe 'yan wasanta daga gasar Olamfik ta Montreal tare da ƙasashen Afirka sama da 20, saboda 'yan rugbin New Zealand sun je wasa Afirka ta Kudu lokacin wariyar launin fata. Har gobe muna alfahari da hakan, ba mu ce an ɓata wasa ba.

Na sani, Amurka da Birtaniya da suka hana jami'ansu zuwa gasar Olamfik ta hunturu ta 2022 a Beijing ba waliyyai ba ne, ba sai an tuna mini ba. Amma kwamitin Olamfik ya san duk abin da ya faru a 2008, ya sake miƙa wa Beijing gasa. Shekara ɗaya bayan gasar ta 2022 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce yaran Tibet kusan miliyan 1 suna makarantun kwana na gwamnati, nesa da iyayensu, ana karantar da su da Sinanci.