Lasisin bindiga a Filato: wa za a ba, wa za a hana?

Duk lokacin da aka kai hari wani ƙauye a Bokkos ko Bassa ko Mangu, kafin a gama rufe gawawwaki maganar ta sake tasowa: a bar talaka ya mallaki bindiga ya kare kansa. Ba a teburin mai shayi kaɗai ake yin ta ba. Janar T.Y. Danjuma ya yi maganar kare kai a Jalingo a 2018. Aminu Bello Masari ya maimaita ta yana gwamnan Katsina a 2021. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta umarci mutanen Zamfara su nemi lasisi, har ta ce za ta raba fom a masarautu, kafin babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin.

Ban ga laifin mai wannan kira ba. Mutumin da ya kwana a daji da 'ya'yansa a jajibirin Kirsimeti na 2023, lokacin kisan da ya ci mutum kusan 200 a Bokkos da Barikin Ladi da kewaye, ba ya bukatar wani daga cikin gari ya koya masa haƙuri. Jiki magayi. Ya ga an ƙone rumbunsa, ya jira agaji bai zo da wuri ba. Idan ya ce a ba shi bindiga, hankali ne ya kai shi nan.

Duk da haka ban goyi bayan a buɗe ƙofar lasisi ga kowa ba, kuma dalilina yana nan cikin Jos.

A fara da abin da doka ta ce, don da yawa masu gardamar ba su duba ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai kashi uku. Na yaƙi, irin su AK-47 da ƙaramar bindigar hannu, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta, mai baki ɗaya ko biyu, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Harba-ka-ruga kuma tana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. To manomin Daffo a Bokkos, ko da ya sami takarda, abin da zai riƙe bindiga ce mai cin harsashi biyu, alhali wanda zai zo masa da dare yana ɗauke da mai cin talatin. Idan kuwa aka ce a sassauta a ba shi irin ta maharin, to bindigar yaƙi ke nan ta shiga ɗakin kwana da sunan doka.

Sai babbar tambayar: wa za a ba? Mu da muke garin nan mun san yadda ya tsage tun rikicin Satumban 2001. Akwai mai Keke Napep da zai kai ka bakin wata unguwa ya ce nan ne iyakarsa. Unguwar Rogo da Unguwar Rukuba ba su da nisa da juna, amma an daɗe kowa yana lissafi kafin ya tsallaka in gari ya ɗauki zafi. A irin wannan wuri, ranar da aka ji an ba mutum ɗari lasisi a wancan ɓangare, wannan ɓangaren zai nemi ɗari biyu, kuma jerin sunayen waɗanda aka ba da waɗanda aka hana shi kansa zai zama abin faɗa, kamar yadda takardar zama ɗan ƙasa ta zama.

Kowa a Filato "kare kai" yake cewa yana yi. A 2010 an yi kisan Kuru Karama a Janairu, aka yi na Dogo Nahawa a Maris. A Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba suna dawowa daga zikiri a Bauchi aka kashe sama da ashirin, ba a yi mako biyu ba aka faɗa wa Yelwa Zangam. Wanda aka kashe wa uwa yau, gobe shi ne mai ramuwar gayya, kuma a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba yake ramawa. Bindigar da aka saya don ɗan ta'adda tana nan a gida ranar rikicin zaɓe, da ranar da jita-jita ta tashi daga Taminus kasuwa ta watse. Ga kuma 'yan sara-suka, waɗanda da wuƙa da adda ma sun hana unguwanni barci. Ɗan gidan mai lasisi yana iya zama ɗaya daga cikinsu.

Masu kawo misali da Amurka su kawo shi gaba ɗaya. Tsarin mulkinsu ya ba su wannan 'yanci tun 1791, bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanen ƙasar yawa, kuma a 2021 harsashi ya kashe sama da mutum 48,000, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Can ma da ake da rajista da kotuna masu aiki ke nan. A nan kuwa riƙe bindiga kan jawo wa mai ita mutuwa: mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris ɗin 2025, suna hanyar komawa Kano yin Salla, bindigogin gargajiyar da aka gani a motarsu aka kafa hujja da su.

Ƙasar nan ba ƙarancin bindiga ke damun ta ba. An kiyasta sama da miliyan shida suna hannun farar hula, adadin da Janar Abdulsalami Abubakar ya ambata a 2021. Daga ina suke fitowa? Wasu ta iyaka, wasu ta tashar ruwa, kamar guda 844 da kwastan suka kama a Onne a 2024, wasu daga maƙeran ɓoye. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne rahoton Odita Janar na 2019, wanda ya ce makamai 178,459 sun yi ɓatan dabo a hannun 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar da ta kasa ƙirga abin da ke rumbunta, yaya za ta bi sawun miliyoyin lasisi a gidajen mutane?

Cewa "a'a" kawai ba amsa ba ce ga mutumin ƙauyen Zike da ke Bassa, kuma gwamnatin da ta hana shi makami ta ɗauki nauyin ransa a wuyanta. Abin da nake so in gani shi ne tsaro a cikin ƙauyen, wanda ya san hanyoyin dutse da maharan ke bi. Filato tana da rundunar tsaron jiha ta Operation Rainbow tun zamanin gwamna Jonah Jang. A gyara ta, a ɗauki matasa daga kowace ƙabila da addini, Birom da Fulani da Irigwe da Hausawa da Mwaghavul a runduna ɗaya, kowace bindiga da lambarta da sunan mai riƙe ta, a karɓa da yamma a mayar da safe, a ƙirga harsashi. Abin da ya faru da 'yan sa-kai a Zamfara, inda kisan ba shari'a ya ƙara rura wutar, ya isa a gane haɗarin rundunar ɓangare ɗaya.

Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ta sami dokarta a 2024. Aikinta na farko ya kamata ya zama waɗancan 178,459: wane ofishi, wane jami'i ya sa hannu, wa aka gurfanar. Sanatocin Filato uku da 'yan majalisar wakilanta takwas suna da ikon neman wannan bayani a zauren majalisa, kuma mu da muka zaɓe su muna da ikon tambayarsu ko sun nema.