In babu gicciye a bidiyon, wace bishara ake turawa a ƙasar Zuru?

Duk mai waya a ƙasar Zuru ya ga irinsu. Bidiyo ne na minti ɗaya ko biyu, kiɗan kibod na tashi, mai wa'azi riƙe da makirufo yana alkawarin cewa wanda ya karɓi Yesu yau harsashi ba zai taɓa shi ba, gonarsa za ta yi albarka, bashin da ke wuyansa zai biyu. A ƙarshe lambar asusun banki ta fito a ƙasan hoton, a ce a "shuka iri". Tun da 'yan bindiga suka matsa wa Danko-Wasagu da Sakaba irin waɗannan suke ta yawaita, daga WhatsApp zuwa Facebook, har katin memori da ake lodawa a rumfar masu cajin waya ranar kasuwa. Abin da ya fi ɓata mini rai, masu turawa sun ɗauka aikin bishara suke yi, wasu dattawan ikilisiya kuma suna sa musu albarka.

A saurari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, a ƙirga sau nawa aka ambaci zunubi, gicciye, ko tashi daga matattu. Galibi ko sau ɗaya babu. Matsalar mai sauraro kullum a waje take: mayu, maƙiyan cikin gida, kishiya, wanda ya yi maka asiri. Ba a taɓa gaya masa cewa shi kansa mai laifi ne a gaban Allah mai tsarki ba. Wanda bai san yana da laifi ba, me zai yi da Mai Ceto? Abin da zai nema shi ne boka mai ƙarfi, kuma a wannan matsayin ake tallata masa Yesu.

Manzo Bulus bai bar mu cikin duhu ba. A 1 Korintiyawa 15:3-4 ya faɗi abin da ya fi kome muhimmanci: Almasihu ya mutu domin zunubanmu bisa ga Nassi, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku. A aya ta 17 ya ce in ba a tashe shi ba, bangaskiyarmu banza ce, har yanzu muna cikin zunubanmu. Ubangiji da kansa, a Luka 24:46-47, ya haɗa mutuwarsa da tashinsa da wa'azin tuba da gafarar zunubai ga dukan al'ummai. Masu cewa minti ɗaya ba ya ɗaukar tauhidi su karanta ayoyi biyun nan na Bulus da ƙarfi, agogo a hannu. Ba za su cika daƙiƙa 20 ba.

Alkawarin tsari daga harsashi shi ya fi muni, domin a nan ana gwada shi da ran mutum. Ayyukan Manzanni sura 12 ta ba da labarin mala'ikan da ya fitar da Bitrus daga kurkuku, masu bidiyo kuwa suna son wannan labarin ƙwarai. Amma a aya ta 2 ta wannan surar Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Dukansu manzanni ne, Ubangijinsu ɗaya. A yi tunanin matar da aka harbe mijinta a gona, bayan sun sha sauraron wannan bidiyon tare. Abu biyu aka bar mata: ko mijinta ba shi da bangaskiya, ko Yesu ya saɓa alkawari. Duka ƙarya ne, kuma mai wa'azin ne ya sa su a zuciyarta. Abin da zai riƙe ta shi ne tashin matattu, shi ne kuma aka cire don kada bidiyon ya yi nauyi.

Allah yana warkarwa, yana kuma kiyaye nasa, ba na musun haka. Shaida tana da wurinta. Sai dai a Yahaya 6:26 Yesu ya tsawata wa taron da suka bi shi saboda sun ci gurasa sun ƙoshi. Batun lambar asusu kuwa, amsar da Bitrus ya ba Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8:20, cewa ba a sayen baiwar Allah da kuɗi, ta isa. A 2004 hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, ta hana gidajen talabijin nuna mu'ujizan da ba a tabbatar ba. Yanzu kayan sun koma waya, inda babu mai tambaya.

Mai son yin abin kirki ya ɗauki murya ta minti uku, don data tsada gare ta, muryar kuma takan shiga ƙaramar waya. Daƙiƙa 20 na farko su ɗauki dukan saƙon a dunƙule, wato wane ne Yesu da abin da ya yi, saboda sitatus na WhatsApp yana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, mutane kuma sukan tura ta farko kawai. Daga nan a faɗi Allah Mahalicci mai tsarki, a kira zunubi da sunansa: ƙarya, zina, cin amana, ƙiyayya. Sai a tsaya sosai a kan wane ne Yesu. Wasu sukan tsallake "Ɗan Allah" don gudun rigima, wasu su jefa shi ba bayani, maƙwabci Musulmi ya ji kamar ana cewa Allah ya yi aure. A faɗe shi, a bayyana cewa babu aure ko haihuwa irin ta jiki a zancen, Ɗan yana tare da Uba tun fil'azal, kamar yadda ikilisiya ta shaida a babban taronta na birnin Nikiya a shekara ta 325, a karanta Luka 1:35. In mutum ne kawai ya mutu a gicciye, mutuwarsa ba ta biya bashin kowa ba. Bayan gicciye da tashi, a kira mutum ga tuba da bangaskiya, a nuna masa ceto alheri ne (Afisawa 2:8-9), kada kuma a ɓoye masa Markus 8:34, cewa mai bi zai ɗauki nasa gicciyen. Rubuta "Amin" a ƙarƙashin bidiyo ba tuba ba ne.

Ƙananan abubuwa ma suna ɓata aiki. Kibod yakan danne murya har ba a jin ayar. A rage shi ko a kashe. Fuskar sabon mai bi ba kayan talla ba ce, nuna ta na iya jawo masa kora daga gida. Tsohuwar da Dakarci ko Kambarci ne harshen zuciyarta a yi mata da harshenta. Zagin addinin wasu kuwa ba ya cikin bishara ko kaɗan. A Afisa ma magatakardan gari ya shaida cewa abokan Bulus ba su saɓi allahiyar mutanen garin ba (Ayyukan Manzanni 19:37). A ƙarshen muryar a ambaci ikilisiyar da mai sauraro zai iya zuwa da ƙafarsa ya sami wanda zai zauna da shi.

Shugabannin UMCA, ECWA da sauran ikilisiyoyin Kebbi ta kudu ba sa barin baƙo ya hau bagadi sai sun san abin da yake koyarwa. Su yi haka da abin da matasansu ke ɗauka da sunan ikilisiya: fasto ko malamin makarantar Littafi Mai Tsarki ya saurara kafin a saki, wanda babu gicciye da tashi a cikinsa a mayar a sake ɗauka.