Ku bar mana tsohon wasan, ai da kuɗinmu kuka gina shi

Kamfanonin wasannin intanet suna yi wa 'yan wasa abin da babu ɗan kasuwar da zai yi wa mai sayen kayansa ya kwana lafiya. Mutum ya yi shekaru yana zuba kuɗi da lokaci a wasa guda, ya san kowane lungu na taswirarsa, ya yi abokai a ciki, sai rana tsaka a turo sabuntawa ta dole, ya buɗe ya tarar da wani abu daban mai ɗauke da tsohon suna. Kamar ka shekara goma kana biyan haya ne, ka dawo daga kasuwa ka iske mai gida ya rushe ɗakinka ya gina shago, yana ce maka ai wannan ya fi kyau. Idan ka ce a bar maka tsohon, ko da a gefe ne, sai a ce maka kewar yarinta ke damunka. Wannan rainin hankali ne, kuma ya ishe mu.

Duk wanda ke ganin na yi zafi ya duba abin da ya faru da World of Warcraft. Kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da shi a Nuwamban 2004, mutane na biyan kusan dala 15 duk wata. A ƙarshen 2010 aka fito da wani sabon ƙari ga wasan mai suna Cataclysm, aka birkita tsoffin yankunan wasan, garuruwa da hanyoyin da mutane suka taso a cikinsu suka ɓace, babu ƙofar komawa. A BlizzCon na 2013, taron da kamfanin ke shirya wa 'yan wasa, wani ɗan wasa ya miƙe ya yi tambaya cikin ladabi, ko za a buɗe sabar ta tsohon salo, wato kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta ta intanet. J. Allen Brack, ɗaya daga cikin manyan masu kula da wasan, ya amsa masa a bainar jama'a: "Kuna zaton kuna so, amma ba kwa so." Haba! Mutumin da ke biyan ka duk wata ne ya faɗa maka abin da yake so da bakinsa, kai kuma ka ce ka fi shi sanin zuciyarsa?

Da kamfani ya ƙi, 'yan wasa suka yi wa kansu. Wasu 'yan sa kai suka kafa Nostalrius, sabar da ke Faransa, suka farfaɗo da tsohon wasan kyauta. Bisa lissafinsu an buɗe asusu wajen 800,000, kuma mutum kusan 150,000 ne ke shiga a kai a kai. Blizzard ya ga wannan taron jama'a, abin da ya fara yi shi ne tura lauyoyi. A ranar 10 ga Afrilu 2016 aka rufe Nostalrius, 'yan wasa suka taru cikin wasan suna bankwana da juna har aka kashe sabar. Ban musa cewa wasan mallakin kamfanin ne ba, doka na bayansa. Abin da ke ƙona min rai shi ne ka hana mutum abu, ya wahala ya samar wa kansa, ka zo ka ƙwace, sannan ka tafi ba ka ba shi madadi ba. Sai da mutum fiye da 200,000 suka sa hannu a takardar koke, surutu ya yi yawa, kafin a Nuwamban 2017 Brack ɗin nan ya hau dandamali ya sanar da WoW Classic, wato tsohon salon World of Warcraft. Ranar da aka buɗe shi a Agustan 2019, mutane sun yi awanni a layi kafin su samu shiga, dole aka yi ta ƙara sabar. Waɗannan su ne mutanen da aka ce ba sa so.

Kuma tun kafin waccan amsar ta Brack an riga an ga misali a Ingila. Kamfanin Jagex da ke Kambirij ya sauya tsarin faɗa na RuneScape a ƙarshen 2012, jama'a suka fusata, da yawa suka watse. Sai kamfanin ya tono ajiyar wasan ta Agustan 2007, ya ce a kaɗa ƙuri'a. Mutum sama da 449,000 suka ce a dawo da shi, aka buɗe Old School RuneScape a Fabrairun 2013. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne dokar da suka kafa: manyan sababbin abubuwa ba sa shiga wasan sai kashi 75 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun yarda, daga baya aka sauko da shi zuwa 70. A 2018 suka kawo shi waya. Yau tsohon ya fi sabon jama'a nesa ba kusa ba. Haka da Fortnite ya dawo da taswirarsa ta farko a Nuwamban 2023, kamfanin da kansa ya ce mutum miliyan 44.7 suka shiga a rana guda. To wace hujja kuma ta rage?

Kamfanonin sukan ce aikin da wuya, wai tsohon tsarin ba ya tafiya a kan na'urorin yanzu, kuma raba 'yan wasa gida biyu asara ce. Na yarda akwai aiki. Blizzard sai da ya ɗauko bayanan sigar 1.12 ya ɗora su a kan sabon injin wasan. Amma aikin da matasa 'yan sa kai suka yi ba albashi, kamfanin da ke kwasar biliyoyin daloli ba zai ce ya gagare shi ba. Wanda kuma ba ya son wahalar yana da hanya mai sauƙi. Kamfanin Daybreak ya amince wa 'yan sa kai masu sabar Project 1999 su ci gaba da tsohon wasansa na EverQuest a 2015. Kamfanin NCSoft ya rufe wasan City of Heroes a 2012, a Janairun 2024 ya ba 'yan sa kai masu sabar Homecoming lasisin ci gaba da shi. Takarda ce kawai.

Ko inda suka dawo da tsohon ma, son kuɗi ba ya barinsu. Da WoW Classic ya kai zangon Burning Crusade Classic a 2021 sai ga sayar da tsallake mataki, ka biya a kai ka mataki na 58 ba ka yi gumi ba. A 2023 aka shigo da WoW Token cikin zangon da ya biyo baya, Wrath Classic, wato sayen zinaren wasa da kuɗin gaske, abin da mutane suka gudo wa tun farko. Overwatch kuwa, wani wasan na Blizzard, mutane sun saya da kuɗinsu tun 2016, a farkon Oktoban 2022 aka kashe shi ɗungurungum aka maye gurbinsa da na biyu. Da aka tashi dawo da tsohon salon a Nuwamban 2024, mako uku aka ba shi, an lasa wa mutane zuma a baki an janye. Masu buga wasan harbi na Warzone sun sayi kayan ado da bindigogi a na farko, ba a bar su sun ƙetara da su zuwa na biyu ba, a Satumban 2023 aka rufe na farkon da kayan mutane a ciki. Me ake kiran wannan idan ba cin amana ba?

A wajenmu kuma maganar ta wuce kewa. Akwai wani wasan harbi da nake bugawa a waya da abokaina bayan sallar isha'i, ba zan kama sunan kamfanin ba. Da can wayata na ɗaukarsa sumul. Yanzu kowace sabuntawa sai ta lashe giga masu yawa, na goge hotuna da bidiyon biki don in samar mata wuri, in bar wayar a caji tana saukewa, in buɗe in tarar tana zafi kamar za ta ƙone min hannu, hoto na tsinkewa, kafin in ɗaga bindiga an kashe ni. Abin da aka ƙara kuwa riguna ne masu walƙiya da akwatunan caca da tallan da ke tare fuska. Abokina da muka fi daɗewa tare ya daina, wayarsa ta ƙi buɗe wasan gaba ɗaya, shi kuma ba zai bar cefanen gida ya sayi sabuwa ba. Ga data ta yi tsada, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Tsohon sigar shi ne wanda wayoyinmu ke iya ɗauka, shi aka ɗauke mana ba shawara.

Ku leƙa gidajen gem ku ga abin da samari ke bugawa. Har yau za ka tarar da tsohon PES an ɗora masa sababbin 'yan ƙwallo da riguna, shekaru bayan Konami ya sauya shi da eFootball a Satumban 2021, fitowar da ta yi munin da sai da kamfanin ya ba da haƙuri. Mutane sun zaɓa da hannunsu. Amma duk mai neman tsohon wasa a intanet sai ya bi ta sabar bayan fage, inda za a iya sace masa asusu, a cusa masa cuta a na'ura, ko a rufe da safe ba sanarwa. Kamfanonin ne suka tura mu can.

A Turai, bayan kamfanin Ubisoft ya kashe wasan The Crew a ƙarshen Maris 2024, yunƙurin Stop Killing Games mai neman a daina kashe wasanni ya tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya don a kai maganar gaban Tarayyar Turai. Mu ba mu da ƙuri'a a can. Abin da muke nema dai ba shi da yawa: sabar guda ta hukuma mai tsohon sigar, ta dindindin, ba ta mako uku ba, babu sayen ƙarfi da kuɗi, kuma kada a taɓa ta sai an tambayi masu bugawa. Kuɗin wata za mu biya idan an saka daidai ƙarfinmu. Ni dai wancan wasan harbin ba zai ƙara ganin ko kwabona ba sai ranar da aka buɗe sigar da wayar abokina za ta ɗauka.