Kwanika, ashana da laifin da ake ɗora wa mata

Daga Anguwar Rogo zuwa Gangare a nan Jos, idan aure ya shekara biyu babu ciki, matar ake kallo. Ita ce shan jiƙe-jiƙe, ita ce jin barazanar kishiya. Maigida kuwa ba mai cewa ya je a duba shi, alhali a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai matsala daga ɓangaren namiji, ko ƙarancin ƙwayoyin maniyyi ko rashin kuzarinsu. Gwajinsa ma ya fi na mace sauƙi da arha.

A ganina, mu maza a Jos mu ne muka fi buƙatar wannan karatu, tunda mu ke ba da izini, mu ke hanawa.

Mace na sakin ƙwai sau ɗaya a wata, kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Ƙwan ba ya wuce awa 24, amma maniyyi na iya kai kwana 5 da rai a jikinta. Ke nan kwanakin ɗaukar ciki kusan 6 ne, kuma sukan gusa, shi ya sa ƙirgen kwana yake yawan ba mutane kunya, musamman idan al'ada ba ta da tsayayyen lokaci. Batun jinsin jariri kuwa, ƙwan mace kullum ƙwayar halitta ta X yake ɗauke da ita. Maniyyi ne ke zuwa da X, a haifi mace, ko Y, a haifi namiji. Wanda ke fushi da matarsa don "mata kawai take haifa" ya rasa inda zai kai ƙara.

Ruwan gishiri, kanwa, kafso na Ampiclox, tashi a yi fitsari ko tsarki bayan kwanciya, duk ba sa hana ciki. Abin da ya shiga ciki ta baki ba ya tare maniyyin da ya wuce bakin mahaifa cikin mintoci. Shayarwa tana hanawa, amma sai jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya warware, sai kwanika, sai kuma dangi su hau uwar goyo da gori kamar ita kaɗai ta yi.

Inda nake ganin masu wayar da kai suna kuskure shi ne watsi da tsoron da mata ke yi wa allurar tazarar haihuwa. Tsoron yana da tushe. Allurar wata uku takan jinkirta dawowar haihuwa, wani lokaci har kusan shekara bayan an daina, kuma takan kawo ɗigon jini ko ɗaukewar al'ada. Ga mace mai salla da azumi, ɗigon nan ba ƙaramin abu ba ne. Sai ta rasa haila ce ko istihala. Idan ba a gaya mata tun farko ba, za ta daina, ta kuma gargaɗi duk matan gidan biki. Amma jinkiri daban, kashe mahaifa daban, kuma allura ba ta kashewa. Ashanar hannu, Implanon mai shekara 3 ko Jadelle mai shekara 5, a ƙarƙashin fata take zama, ana jin ta da yatsa, da an cire haihuwa ke dawowa.

Maganar addini ba zan tsawaita ba. Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara 2 cikakku, hadisin Jabir kan azlu, wato zubar da maniyyi a waje, yana cikin Bukhari da Muslim, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na matan aure a Najeriya ne kawai ke amfani da hanyoyin zamani na tazarar haihuwa.

Wasu daga cikinsu ma a ɓoye suke zuwa, katin asibiti a gidan ƙawa. Da maigida zai raka ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko ƙaramin asibitin unguwa, ya zauna ya ji bayanin ma'aikaciyar jinya da kunnensa, da ba a yaron kemis za ta riƙa neman fatawa ba.