Kaset ɗin da ya riƙe mana Hausa a Makka

Kwanakin baya na ga wasu matasa a nan Facebook suna yi wa tsofaffin finafinan Hausa ba'a, wai hoto dishi-dishi, murya kamar daga cikin rijiya, labari kuma ba ya wuce soyayya da rikicin kishiyoyi. Ban musa ko ɗaya ba, amma akwai abin da wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ba lalle ne ya sani ba, wato irin aikin da waɗancan finafinai suka yi a gidajenmu, mu da aka haifa a Makka, iyayenmu Hausawa, amma makaranta da titi da kasuwa duk Larabci ne zalla.

Lokacin da muka tashi babu sinima a Saudiyya, domin an rufe su tun farkon shekarun 1980, saboda haka duk kallonmu a cikin gida ne. Tashoshin gwamnati biyu muka sani, ɗaya ta Larabci ɗaya ta Turanci, kuma da an kira salla sai a dakatar da shiri. A nan muka koyi Larabcin littafi daga bakin jaruman katun irin su Grendizer da Kyaftin Majid, tun kafin malamin nahawu ya fara wahalar da mu. Idan azumi ya zo kuwa, da an sha ruwa sai a zauna wa Tash ma Tash, wasan barkwanci na Saudiyya wanda aka fara a 1993, Nasir al-Ƙasabi da Abdullahi al-Sadhan suna taɓo abubuwan da mutane ke jin nauyin faɗa a fili. Mun yi dariya ƙwarai, ba zan ɓoye ba, sai dai a duk wannan kallo babu inda muka ga gida irin wanda iyayenmu ke ba mu labari, ko muka ji harshen da ake yi mana faɗa da shi.

Wannan giɓi kaset ne ya cike shi. Duk lokacin aikin Hajji ko Umrar azumi, gwaggonmu da ke safara tsakanin Kano da Jidda takan sauka a gidanmu da ke wajen Shara Mansur, kuma a cikin jakarta, tsakanin ƙullin daddawa da kuka da kilishi, akwai kaset uku ko huɗu naɗe cikin zane. Kafin ta gama hutawa labari ya zaga unguwa. Bayan Isha'i ɗakin mahaifiyata yakan cika maƙil, mata a kan katifa, mu yara a ƙasa dab da akwatin, yayana kuma shi ne injiniya, yana goge kan bidiyo da auduga idan hoto ya fara rawa. Sangaya kaɗai, wajen shekarar 2000, mun kalle shi har zaren ya tsinke aka liƙe da salatif, wurin da aka liƙe ɗin kuma kowa ya haddace maganar da ta ɓace, sai mu faɗe ta da baki ɗaya.

Abin da ba na mantawa shi ne kakarmu, Allah Ya jiƙanta. Tana yarinya aka taho da ita ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya ana noma ana tara guzuri, kafin su tsallako Bahar Maliya, kuma ba ta sake komawa ba. Ita ba ruwanta da wanda ya auri wa a cikin fim. Idonta yana kan bayan 'yan wasan, a kan zaure da rumbu da turmi da inuwar darbejiya. Wata rana aka nuno wata mata tana dakan fura, sai ta ce wa yayana, "Kai, ɗan nan, mayar mini da wurin can." Sau uku ana mayarwa, tana kallo ba ta ce uffan ba, mu kuma muna ƙunƙuni don mun ƙagu mu ga ƙarshen labari.

A wurin Ibro, marigayi Rabilu Musa wanda ya rasu a 2014, muka san cewa Hausa tana da zolaya da habaici da baƙar magana, domin Hausarmu ta gida rabinta Larabci ce, ta aike da gaisuwa kawai. Karin maganar da na sani a yau, mafi yawansu daga finafinan da ake rainawa na tsince su, ina tambayar mahaifiyata ma'anarsu ana tsakiyar kallo, tana cewa in bari a gama.

Na yarda cewa aikin yanzu ya fi tsafta. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, sannan shirye-shirye masu dogon zango suka cika YouTube, Bahaushen Makka yana ganin sabon kashi a daren da na Kano ya gani, ba jiran gwaggo ba jiran alhazai. Amma kowa da wayarsa yake kallo, da abin sauraro a kunne, yara kuma sun tafi nasu tashoshin, don haka babu mai tambaya, babu mai fassarawa.

An sake buɗe sinima a Riyad a watan Afrilun 2018, Jidda ta biyo baya, ni ma na kai 'ya'yana sun ga ƙaton allo sun ci gugguru. Da muka dawo na nemo wani tsohon wasan Ibro a waya na haɗa da talabijin, na tara su. Ni da mahaifiyarsu muna dariya har da hawaye, babbar 'yata kuwa ta dube ni ta tambaya da Larabci, "Baba, me ya ce?"