A biya albashi tukuna, sannan a yi maganar kishin aiki

Wani marubuci ya ce kyakkyawar mu'amala tsakanin shugaba da ma'aikata ita ce ginshiƙin nasarar kowace ma'aikata. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Mu da muka tashi a unguwar Kakuri da ke Kaduna mun ga zamanin masaƙun Kaduna Textiles (KTL) da United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles, jiniya na kaɗawa kekuna su cika titi maƙil lokacin canjin aiki. Mutanen nan suna da horo, ga ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, duk da haka KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri ne suka durƙusar da masaƙun, ba lalaci ba. Kai kuma malam mai cewa ma'aikatanmu ba sa son aiki, mutumin da yake bin albashin wata uku, aka kuma ɗora masa ɗan'uwan oga a kansa, wane kishi kake so ya nuna? Oga ya shigo ƙarfe sha ɗaya, masinja kuwa a zaftare masa kuɗi don ya makara da minti goma. Tsakani da Allah, wa ya kamata ya fara gyarawa?