Kuskure daban, ganganci daban

Jama'a yau kam sai na faɗi abin da ke ci mani rai. Watan da ya wuce anka kaɗe ɗan maƙwabcinmu nan cikin garin Sakkwato, yaro ɗan shekara 9, shina dawowa daga Islamiyya. Wanda ya kaɗe shi ko lasin bai da, motar babanshi ce ya ɗauko zuwa rakiyar amarya, suna tsere da abokai suna juya mota tsakiyar titi kamar yadda ake yi yanzu wurin buki. Kafin a yi addu'ar ukku manya sun cika zaure, Malam a yi haƙuri ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Uban ya ce ya yafe. To mi za shi ce, talaka gaban masu hannu da shuni, ga hawaye ko bushewa ba su yi ba.

Ba ni jayayya da ƙaddara wallahi, kowa da ranarshi. Amma addinin da muke fakewa da shi bai ce jinin musulmi ya tafi haka nan ba. Ku buɗe Suratun Nisa'i aya ta 92, kisan kuskure akwai diyya da za a miƙa ma iyalan mamaci sai in su sunka yafe, kuma akwai kaffara, 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Diyyar nan raƙumi 100 ce ko dinari 1000 na zinari, ba dubu hamsin da buhun shinkafa da ake kawowa gaisuwa ba. Kuma ko iyalai sun yafe diyya kaffara na nan wuyan mai kisan. Direbobi nawa kunka sani da sunka yi azumin nan?

Wannan fa ga mai kuskure na gaskiya ne, wanda taya ta fashe mashi hanyar Illela ko yaro ya faɗo mashi kwatsam shina tafiya a hankali, irin wannan ni ma ina tausaya mashi, kuma shi ya sa ban yarda da masu taruwa su yi ma direba duka ko su ƙone mota ba, su ke sa wasu gudu su bar mutum kwance cikin jini. Amma wanda ya bi wanwe, ko shina latsa waya, ko ya sha ƙwaya ya lafta ma mota lodi da burki marar ci, ko ɗan kabu-kabu mai goyon mutum ukku da gudu, ya san abin da ka iya biyo baya tun kafin ya tashi.

Dokar ƙasa ta tanadi ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 7 ga wanda ya kashe mutum da tuƙin ganganci. Yafewar uba haƙƙinshi ce, amma ba ta kamata ta rufe fayil ba, don titi na kowa ne. A kai shi gaban alƙali, a hana shi tuƙi, a tuhumi uban da ya miƙa ma yaro makulli.

Shekaranjiya na gan shi, yaron nan da ya kaɗe ɗan maƙwabcinmu, cikin motar nan dai, an gyara mata bamba, ya wuce ta ƙofar gidan maƙwabcin namu da kiɗa a kunne.